Maratayin bindiga: ɗauri ɗaya, biyu ko uku, da dalilin da ya sa aka dawo kan biyu

A wani shingen bincike da ke kan hanyar da nake yawan bi, na taɓa zuba wa wani jami'i ido yana duba takardun motar hayar da ke gabanmu. Bindigarsa ƙirar AK-47 ce, an ɗaure ta da shuɗiyar igiyar nailan irin wadda 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita. Hannun dama na riƙe da takardu, na hagu da tocila. Sai bindigar ta zame daga kafaɗa ta sauko gwiwar hannu, bakinta ya juya ya kalli cikin motar, daidai inda wata tsohuwa ke zaune da jikanta a cinya. Ya ɗaga kafaɗa ya mayar da ita. Ta sake zamewa. Har sau uku ana haka, kuma babu wanda ya ce uffan, domin abin ya zama jiki.

Tun daga ranar nake kallon maratayin bindiga da wani ido daban. Mutane kan ɗauka amfaninsa bai wuce rage wa hannu gajiya ba. Amma babban aikinsa yana bayyana ne a lokacin da mai bindiga ya sake ta: ina bakinta zai kalla, za ta tsaya a jikinsa ko za ta yi ta lilo, kuma cikin daƙiƙa nawa zai iya maido ta kafaɗa. Masu koyar da harbi a Amurka sukan ce maratayi a wurin doguwar bindiga daidai yake da gidan fata a wurin ƙaramar bindiga. Mu da muka san takobi ba mu buƙatar dogon bayani. Barde ba ya hawa da takobi tsirara a hannu, akwai kube, akwai hamila, kuma tsawon hamilar ne ke nuna ko hannu zai kai ga ƙota cikin hanzari.

Yawancin muhawarar da ake yi a kan wannan batu a Amurka ake yinta, inda tsarin mulki tun 1791 ya ba farar hula damar mallakar makami, kuma sojojin da suka yi ritaya ke buɗe kamfanoni suna sayar da dabarun da suka koyo a fagen daga. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja irin su AK-47 cikin jerin waɗanda aka haramta wa farar hula, don haka a nan maganar ta fi shafar soja da ɗan sanda da sauran jami'an da gwamnati ta damƙa wa makami, sai kuma maharbi mai lasisi.

Kafin a zo kan ɗauri ɗaya ko uku, wato yawan wuraren da ake maƙala maratayi a jikin bindiga, sai an koma baya kaɗan, domin a da ana neman wani abu ne daban a wurin maratayi. A 1907 rundunar sojan Amurka ta fito da wani na fata, faɗinsa inci 1 da kwata, mai ƙugiyoyin ƙarfe da jerin huji kamar bel. Sunansa M1907. An yi shi ne don saiti. Mai harbi zai zura hannun hagu cikin wani zarge, ya matse shi a saman damtse, sannan ya kama gaban bindigar. Da ya kwanta ya kafa gwiwar hannu a ƙasa, fatar za ta miƙe ta yi tsam, nauyin bindigar ya bar tsoka ya koma kan ƙashi da fata. Tsoka tana gajiya ta fara rawa, fata kuwa ba ruwanta. Har yau a gasar harbi ta ƙasa da ake yi a Camp Perry, jihar Ohio, za ka ga masu harbi daga yadi 600 ɗaure da irin wannan maratayin, wasu hannunsu har ya yi sanyi saboda matsi.

Illarsa ita ce ɗaukar lokaci. Kafin ka kwance ƙugiya, ka zura hannu, ka ja zobban matsewa, abin da kake son harbi ya yi gaba. Wannan ne ya sa a tsakiyar shekarun 1980 wani mai suna Eric Ching, ɗalibi a makarantar harbi ta Gunsite da Kanar Jeff Cooper ya kafa a Arizona, ya ƙirƙiro wani mai maƙale uku a ƙarƙashin bindigar, wanda zargensa a buɗe yake kullum, hannu kawai za ka jefa. Maharba sun so shi. Sai dai shi ma tunaninsa na daji ne da fili: mutum ɗaya, nesa mai yawa, harsashi ɗaya.

Yaƙin cikin gari ya zo da wata buƙata. Wanda zai shiga ɗaki, ya hau tsani, ya sa wa mutum ankwa, ya ja abokinsa da aka harba, yana son bindiga a ƙirjinsa, ba a bayansa ba. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus, masu ƙera bindigogin G3 da MP5, su suka yaɗa maratayi mai ɗauri uku. Yadda yake shi ne: akwai zobe guda da ke zagaye jikin mutum, sannan wani ɗan bel ya bi ta gefen bindigar daga gaba zuwa baya. Duniya ta ga irinsa a talabijin a watan Mayun 1980, lokacin da dakarun musamman na Birtaniya da ake kira SAS suka kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan ɗauke da MP5. Daga baya bindigar SA80 ta sojan Birtaniya ita ma da mai ɗauri uku ta zo. Shekaru kusan ashirin ana ganin babu kamarsa.

In an sake shi, bindiga takan kwanta a ƙirji ba ta faɗi ba, wannan gaskiya ne. Amma yawan igiya yawan rikici. Wannan bel ɗin da ke bin gefen bindiga, a kan bindigogin sojan Amurka M16 da M4 yana bi ne ta kan maɓallin sakin ƙarfen ɗana harsashi, wanda ke gefen hagu. Idan kuma bahago ne, sai bel ɗin ya koma dama ya tare ƙofar da kwanson harsashi ke fita, bindiga ta cije ana tsakiyar wuta. Ga shi kuma soja ya fara sa rigar sulke mai aljihuna a ƙirji, gidajen harsashi a jere, rediyo, kayan ɗaurin rauni. Kowane ɗayansu ƙugiya ne da ke jiran igiya. A ganina mai ɗauri uku ya ci zamaninsa, kuma in ba bindigar da shi ta zo daga ma'ajiya ba, babu dalilin da mutum zai je nemansa yau.

Da aka shiga Iraƙi a 2003, sojoji suka koma kullum cikin mota, daga mota sai cikin gida, kamar yadda aka yi a Falluja a 2004. Sai aka tsallaka ɗaya ƙarshen: ɗauri ɗaya tak. Zobe ne a wuya da hammata, da ƙugiya ɗaya da ke kama bindigar a bayan jikinta, daidai inda ƙota ta fara. Wasu ma har da roba a ciki mai miƙewa. Daɗinsa a fili yake. Babu abin da ya taɓa gaban bindiga, za ka iya mayar da ita daga kafaɗar dama zuwa ta hagu a bakin kusurwa ba tare da igiya ta shaƙe ka ba, kuma fita daga mota ba wuya.

Wahalar tana zuwa ne da zarar ka saki hannu. Bindiga mai nauyin kilo 3 zuwa 4 da ke rataye a wuri ɗaya, kamar guga take a bakin rijiya. Tana sauka tsakiyar jiki, kuma duk namijin da ya taɓa gudu da ita a sake ya san inda take bugu, ba sai an faɗa ba. In ka durƙusa don duba wanda ya ji rauni, bakinta ya caki ƙasa ya ɗebi yashi, ko ya sauka a kan majinyacin. In an jima ana harbi, bututun ya yi zafin da zai ƙona cinya ta cikin wando. Tsallake katanga kuwa sai ka riƙe ta da hannu ɗaya, wato aikin da aka sayi maratayin dominsa bai yiwu ba ke nan. Nauyin duka a wuya da kafaɗa ɗaya yake, sintirin awa shida da shi azaba ne. Inda ya dace shi ne gajeriyar bindiga, aiki na ɗan lokaci, a wuri mai matsi.

Abin da ya raba gardamar tsohon abu ne da aka yi wa ƙaramin gyara. Maratayi mai ɗauri biyu, gaba da baya, shi ne wanda kakanninmu suka sani a jikin bindigar toka. Matsalarsa tun asali tsawonsa ɗaya ne: in ka gajarta shi don bindiga ta manne a jiki, ba za ka iya kai ta kafaɗa ba, in ka tsawaita shi don harbi, sai ta yi ta reto. Wasu tsofaffin dakarun rundunar Delta ta Amurka biyu ne suka shahara da maganin wannan. Kyle Lamb, wanda ya yi faɗan Mogadishu a 1993, ya fito da nasa a kamfaninsa Viking Tactics. Larry Vickers kuma ya haɗa kai da kamfanin Blue Force Gear. Dabarar kamar mazagin wando ce. An sa wani ƙarfe mai zamewa a gaban maratayin, da ɗan harshe da hannun hagu zai kama. Ja ɗaya, bindiga ta manne a ƙirji ko a baya, ka hau tsani da hannu biyu. Ja ɗaya ta ɗaya ɓangaren, ta saki, ka kai ta kafaɗa. In kuma harbin nesa ya taso, ka ɗan matse shi a bayan damtse ya ba ka wani abu daga cikin natsuwar da M1907 ke bayarwa. Dakarun Marin na Amurka sun ɗauki na Vickers suka haɗa da bindigarsu M27.

Tsakanin waɗannan biyun akwai bambancin da masu amfani da su ke ta musu a kai. Na Lamb in ka matse shi yakan bar jela tana reto, amma tazarar matsewarsa tana da yawa, abin da ke da amfani ga wanda yau yana cikin sulke gobe yana cikin riga kawai. Na Vickers ba shi da jela ko kaɗan, sai dai tazararsa ba ta kai ta wancan ba. Wanda aikinsa shiga da fita mota ne, jela abin tsoro ce a wurinsa, domin tana iya maƙalewa a ƙofa ko a giya. Kamfanin Magpul kuma ya yi MS3 da MS4, waɗanda ake cire ƙugiyar gaba a maƙala ta a wani zobe kusa da ta baya, mai biyu ya koma mai ɗaya. Dabara ce mai kyau a takarda. Abin da na lura shi ne yawancin masu shi sukan bar shi a biyu har ya tsufa.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuskure, kuma ba ruwansa da sunan kamfani: a ina aka maƙala shi a jikin bindigar?

Tsohuwar M16 zobbanta a ƙasa suke, ɗaya a ƙarƙashin saitin gaba, ɗaya a ƙasan ƙota. An yi su ne don rataya a kafaɗa lokacin maci. Ka rataya ta a ƙirji da waɗannan zobban, sai ta kife, gidan harsashi ya kalli waje ko sama. Shi ya sa sojojin Isra'ila suka daɗe suna ɗaura igiyar laimar sauka daga jirgi a saman saitin gaba da saman ƙota, su maƙala dogon maratayi mai faɗi a nan. AK kuwa ta yi sa'a. Makullinta na hana harbi da hannun ɗana ta duk a dama suke, zoben gaba yana hagu, saboda haka ga mai harbi da dama maratayin yana kwance a jikinsa, bai tare komai ba. G3 sai an kula, domin hannun ɗana ta a gaba yake ta hagu, gefe ɗaya da maratayin, igiya mai sako-sako tana iya shiga tsakani.

A bindigogin zamani da ke da wuraren maƙalawa da yawa, ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk yadda ka nisanta ɗaurin biyu da juna, na gaba can kusa da baki, na baya a ƙarshen ƙota, haka bindigar za ta kwanta lamo a jiki, ta yi daɗin ɗauka, ta taimaka wajen saiti. Duk yadda ka kusanto da su tsakiya, haka za ta yi sauƙin juyawa amma ta ƙara lilo, har ta fara halin mai ɗauri ɗaya. Akwai kuma wata 'yar dabara da ba kowa ya sani ba. Mai harbi da dama ya maƙala ɗaurin baya a gefen dama na ƙota, wato gefen da ba ya kallon jikinsa, igiyar ta zagayo ta bayan ƙotar. Da farko abin kamar an yi shi a juye. Amma ranar da ya mayar da bindiga kafaɗar hagu zai gane, domin igiyar ba za ta naɗe masa maƙogwaro ba.

Yadda ake sa shi ma magana ce. Wanda aka fi sani shi ne kai da hannun hagu su shiga, igiya ta bi ta kan kafaɗar dama ta fito ta hammatar hagu. In an zo wuri mai matsi sai a zare hannun a bar shi a wuya kawai kamar carbi. Akwai kuma wani salo da Amurkawa ke kira ɗaukar Afirka, wanda suka danganta da maharban wannan nahiya: a rataya a kafaɗar hagu, baki ƙasa, hannun hagu a kan gaban bindigar. Ruwan sama ba ya shiga bututu, reshe ba ya kama ta, kuma juyi ɗaya ake yi ta hau kafaɗar dama. Haɗarinsa shi ne doguwar bindiga a jikin gajeren mutum, da ya tsuguna bakin ya toshe da laka.

Ba kowa ne ma ya yarda da maratayin ba. A yaƙin Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, na shekarun 1970, sojoji da yawa sun cire shi daga bindigoginsu ƙirar FAL gaba ɗaya, wai don kada lalaci ya sa mutum ya rataya bindiga a inda ya kamata tana hannu. Sojojin Birtaniya a Ireland ta Arewa kuma nasu tsoron daban ne, kada a fizge bindiga a cikin taro, sai suka riƙa ɗaure bakin igiyar ɗaya a ƙota, ɗayan a wuyan hannu. Wannan musun bai mutu ba. A Amurka, masu ajiye bindiga don tsaron gida sun rabu biyu. Wasu na cewa cikin dare, a rikice, igiya za ta kama hannun ƙofa, kuma in ɓarawo ya cafki bindigar ya samu linzamin da zai ja ka da shi. Wasu na cewa ba tare da shi ba, yaya za ka ɗauki yaro, ko ka kira 'yan sanda, ko ka buɗe ƙofa, ba ka ajiye makami a ƙasa ba? Ni na fi karkata ga na biyun, tare da dabarar da suka samo: a naɗe maratayin a jikin ƙota a ɗaure da robar kuɗi, irin wadda 'yan kasuwa ke ɗaure bandir da ita. Ba ya reto a ma'ajiya ko a mota, in an buƙace shi fizga ɗaya robar ta saki.

Sauran zancen na kayan haɗi ne, ba mai tsawo ba. Faɗin inci 1 ya fi sauƙi kuma ba ya cika maƙalewa, amma yana cin wuya. Inci 1 da kwata shi ne tsaka-tsaki. Mai katifa, wanda kan kai inci 2, yana da amfani ga mai ɗaukar G3 ko FAL, waɗanda ko babu harsashi sun haura kilo 4, musamman in babu sulke a jiki. Wanda ke sanye da sulke ba ya jin katifar sosai, sai ma ta riƙa kama bakin rigar. A zafinmu kuma katifa tana shan gumi ta yi wari. Fata tana da kyau a ido, dukawanmu ma sun iya ta, sai dai ba ta zamewa cikin ƙarfe da sauri, damina kuma tana sa ta miƙe. Nailan ya fi jure wahala, amma ya taɓa bututu mai zafi zai narke, don haka ɗaurin gaba kada ya kwanta a kan ƙarfen da ke ɗaukar zafi. Tsohon maratayin AK na tamfol, wanda ake rainawa, a nan ya fi su, ba ya narkewa.

Akwai abu ɗaya da babu maratayin da zai yi wa mutum, komai tsadarsa. Bindigar da ke rataye a ƙirji tana gogar maɓallai da igiyoyi da bakin aljihu, kuma kowannensu na iya shiga gidan kunama. Wani kaso na abin da ake kira harbin kuskure daga nan yake fitowa. Kafin hannu ya bar bindiga, makulli ya koma rufe, kowane lokaci, ko da sakan biyu za a yi. Sannan mutum ya tsaya gaban madubi da bindigar da ya tabbatar babu harsashi a ciki, sanye da kayan da zai yi aiki da su, ya sake ta ya ga inda bakin ya nufa. Ya durƙusa, ya sunkuya kamar zai ɗauki abu, ya juya kamar an kira shi daga baya. In bakin ya bi ta kan ƙafarsa ko ya tashi ya kalli mutanen da ke gefe, tsawon ko wurin ɗaurin bai yi ba, a sake.

Ƙugiyoyin ma a duba su. Irin ta Heckler & Koch mai kama da ta jakar makaranta tana da ƙarfi, amma tana ƙara in ta bugi ƙarfe, kuma a hankali tana cinye zoben alminiyam. Shi ya sa za ka ga an naɗe ta da salatif. Ta zamani mai maɓalli, wadda ake dannawa a cusa cikin rami, ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne ke riƙe ta. Ƙurar hunturu in ta shiga ramin, sai ƙwallayen su kasa fitowa duka, ka ji kamar ta kama alhali rabi ta shiga. Masu amfani da ita sun saba, duk sanda suka cusa ta sai sun fizge ta da ƙarfi sau ɗaya kafin su saki nauyin bindigar a kanta.